Kwandon da Nei Tokarei Ta Buɗe a Madmanna

Shekara arba'in da ɗoriya ramina yana jikin ramin Nei Tokarei, iyakar da ke tsakaninmu kututturen kwakwa ne guda ɗaya, kuma a duk tsawon shekarun nan ban taɓa tono babai da ya kai rabin nata ba. Na faɗi wannan tun da fari don kada wani ya ce ƙauna ce ta rufe mini ido. Ƙawata ce, rana ɗaya aka yi mana baftisma, a gaban tsohuwa ɗaya muka koyi saƙar tabarma, amma akwai ranakun da in na dubi faɗin ganyen shukarta sai in ji kamar in hankaɗa ta cikin ruwan ramin. Ni sunana Nei Bwena, don a wajenmu da Nei ake fara sunan mace, kuma duk garin nan an san ba na iya riƙe magana.

Babai shi ne gwazarmu. Tsibirinmu rairayi ne da farin dutse, don haka sai mun haƙa rami har mun tarar da ruwan daɗi, mu saƙa kwando marar gindi, mu dasa babai a ciki, mu yi ta ciyar da shi taki shekara da shekaru. Kowane gida da haɗin takinsa, kuma ba a faɗa. Mutum zai ba ka kifinsa, ya ba ka aron kwalekwalensa, har ɗansa zai ba ka riƙo, amma tambaye shi abin da ke cikin kwandon takinsa ka ga yadda fuska ke sauyawa. Haɗin gidansu Tokarei daga kakanta Kautu ya fito, ya bi ta hannun ubanta, ya faɗo a nata saboda ƙaninta ya tafi aikin jirgin ruwa bai dawo ba. Ta yi aure, Allah bai ba ta haihuwa ba, mijin ya rasu, ta koma ga raminta.

In za ta ɗebo ganye kwando biyu take ɗauka, ɗaya na gaske, ɗaya don yaudarata. Tana tafe tana jan reshen kwakwa a baya yana share sawunta. Sau ɗaya na bi ta tun daga bakin gari har ƙarshen tsibiri ina laɓe-laɓe, na ga ta tsinki wani ganye mai ƙaiƙayi, ni ma na cika zanena da shi na zo na zuba wa shukata. Babai uku suka mutu mini. Da na je mata da ƙorafi dariya ta yi har da riƙe ciki, ta ce ai tun daga bayan coci ta jiyo tarina.

Abu biyu Tokarei ta mallaka a duniya, takin nan da sunan garinmu. Sunan garinmu Madmanna, kuma yatsan kakanta ne ya zaɓo shi. Bayan babban farin da aka yi a zamaninsu, malamin mishan ya tattaro gidajen da ke warwatse ya zaunar da su wuri ɗaya kewaye da coci. Sai rigimar suna ta tashi, kowane dangi yana son a sa na ƙasar kakanninsa. Da malamin ya ga za a kai ga fid da masu, ya ce a bar wa Allah zaɓi. Aka nemo saurayin da bai san baƙi ko ɗaya ba, shi ne Kautu, aka ɗaure masa ido da ƙyalle, ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya dangwala yatsa. Yatsan ya sauka a wani shafi da ba komai a cikinsa sai jerin garuruwa, wannan na bin wannan, ya tsaya a kan Madmanna. Malamin ya duba gaba ya duba baya, bai ga an ce wani sarki ya zauna a can ba, ko an yi yaƙi, ko wani annabi ya kwana. Suna ne kawai a tsaye a layi. Aka karɓa, rigima ta mutu.

Tun da Littafin bai faɗi komai a kan garin ba, sai Tokarei ta cika wurin da kanta. Muna tsaye cikin rami, ruwa ya kawo mana gwiwa, daga nesa ana jiyo waƙar maza masu tsaga bammi a saman kwakwa, sai ta fara. Ita da ba ta taɓa ganin tudun da ya fi rufin coci tsawo ba, za ta ce Madmanna ta ainihi a kan wani tsauni take, sai an yi rabin yini ana hawa. Ruwan daɗi yana gudu a bisa ƙasa da kansa, ba wanda ya haƙa masa rami. Gidajen na farin dutse ne masu sanyi, matan garin ba laka a farcensu, kuma akwai wani itace a bakin ƙofa mai jajayen 'ya'ya da ba a hana kowa tsinka. Duk shekara sai ta ƙara wa garin titi ɗaya. Wani lokaci ta yi shiru, hannunta cikin taki, idonta a kan gajimare, sai na watsa mata ruwa kafin ta dawo.

Nakan yi mata tsiya, in ce, "Ke, in kin je gobe ki sayo mini allura a kasuwarsu."

Amma shekarar da teku ta cinye mini ɗana, Tokarei ta zo ta zauna a gefen tabarmata ta ce ta gan shi a can, yana zaune a kan katanga yana kaɗa ƙafa, rigarsa a bushe. Na san maganar mafarki ce. Duk da haka ranar ce na fara iya haɗiye abinci, kuma daga nan ban ƙara yi mata tsiyar allura ba.

Ƙanin nata da ya rasu ya bar ɗa guda, Uriam, kuma Tokarei ce ta raine shi. Shi ne ya kamata ya gaji takin, amma yaron tun yana ƙarami littafi ya sa a gaba. Da coci ta tura shi makarantar fastoci a Fiji, ta raka shi bakin jirgi ta ce masa abu ɗaya take so. Ta ji an ce a can ana koyar da Ibrananci, harshen da aka fara rubuta sunan da shi, to ya tambayo mata me Madmanna take nufi.

Bayan shekara huɗu ya dawo a matsayin fastonmu. Ya kawo mata tabarau, ya kawo mata yadi mai furanni, bai kawo amsa ba. In ta taso da maganar sai ya tuna yana da mara lafiyar da zai duba. Ran nan da safe ya biyo ta bakin ramuka da farar rigarsa, ta tsare shi.

"Ɗan nan, wata uku ke nan kana yi mini kwana-kwana. Shekara huɗu a Fiji, rogo kawai ka je ci?"

"Sun koya mini, Gwaggo."

"To?"

"Ki fito daga ruwa tukuna."

"A cikin ruwan nan aka yi mini albishir da haihuwarka, a cikinsa aka faɗa mini mutuwar ubanka. Faɗi."

Ya dube ni, na sunkuya kamar ina cire ciyawa. Sai ya tsuguna ya rage murya, amma kunnena bai taɓa ba ni kunya ba.

"Suna da wata kalma ta kashin dabbobi, wanda ake tarawa don gona. Daga jikinta sunan ya fito. Ma'anarsa wurin da ake tara shi. Juji ke nan, Gwaggo."

Ta daɗe tana kallon hannunta. Sannan ta ce, "A kan tsauni yake?"

"A kudancin ƙasar Yahuza ne, bakin hamada. Ga alama ƙaramin gari ne na makiyaya."

"Ruwa fa?"

"Sai na rijiya. Ƙasar busasshiya ce, ruwan sama ba ya yawa."

"Malaman naka sun tabbata?"

"Yawancinsu haka suka ce. Ba wanda ya zo da abin da ya fi wannan ƙarfi."

Ta gyaɗa kai ta ce ya je, rana na dukansa. Da ya tafi sai na ce, "To ai ba komai, an ce babba juji ne." Ta yi mini wani kallo da ya sa na koma can ƙarshen ramina.

Laifin abin da ya biyo baya nawa ne, ba na musu. Mutum ɗaya tak na faɗa wa, matar ƙanina, kuma sai da na sa ta yi rantsuwa. Kafin Lahadi labari ya kai ƙarshen tsibiri ya dawo. Da aka yi gasar rawa, matasan ƙauyen arewa suka shigo fili kowa ya toshe hanci, suna kiran namu 'yan juji, aka tashi da dambe maimakon rawa. 'Yan matanmu da ke aure a can suka riƙa zuwa gida da kuka. Ga shi saura wata biyu gari ya cika shekara ɗari, an riga an fara ɗinka tuta. Sai dattawa suka sa ranar zama a maneaba, babban zauren gari, don a sauya suna. Wasu har sun zaɓi Sihiyona, sunan tsattsarkan birnin nan na cikin Littafin. Baraniko, shugaban dattawan, ya faɗa a bainar jama'a cewa Allah ba ya kuskure amma yatsan jahili yakan zame, kuma na Kautu zamewa ya yi.

Wannan maganar ce ta kwantar da Tokarei. Kwana tara ba ta leƙa rami ba, abin da ko ranar da aka binne mijinta ba ta yi ba. Na je na same ta a kwance tana kallon jinka, tabarau ɗin a ajiye a gefe.

"Na je Madmanna ta kan tsauni jiya," ta ce. "Ba katanga, ba ruwa. Iska kawai da rairayi. Na yi ta kiran ɗanki, ba wanda ya amsa."

Na fashe da kuka na ce ta yafe mini.

"Bakinki kamar kwandon babai yake, Bwena, ba gindi. Na san haka tun muna yara, ni ce na bari aka yi maganar a gabanki." Ta juya ta ba ni baya. "Za su goge yatsan kakana, kuma ba ni da namijin da zai tsaya masa. Ɗan da na raina fasto ne, na kowa ne."

Gaskiyarta ce. A maneaba kowane dangi da gurbin zamansa, kuma maza dattawa ne ke magana. Mu mata a baya muke zama, sai in za a shigo da abinci. Gurbin gidan Kautu ya daɗe ba kowa a cikinsa.

Rana ta goma da sassafe na same ta a rami. Ba aiki take yi ba, ta ɗebo taki a tafin hannu tana murzawa, tana wannan kallon nata na wadda ba ta nan.

"Bwena, ke da kika san cikin kowane gida, a tsibirin nan wa ke tara takinsa a fili inda kowa zai gani?"

"Sai wanda ya zare."

"To su mutanen Madmanna ta ainihi, ƙasarsu busasshiya ce kamar tamu."

Na jira ta ƙarasa, ba ta ƙarasa ba. Ta ce in ara mata babban kwandona mai murfi.

Ranar zaman, maneaba ta cika har waje. Dattawa suka yi ta magana ɗaya bayan ɗaya, kowa yana maimaita na gabansa da wasu kalmomi. Uriam yana zaune a wurin fasto, kansa a ƙasa. Da aka zo shigo da abinci, Tokarei ta bi layin mata da kwandona a rungume, sanye da yadin furannin nan. Ta wuce inda ake ajiye abinci, ta je tsakiyar zaure, ta durƙusa ta buɗe murfi ta juye a kan tabarma. Taki ne baƙi wuluk, da ɗuminsa, ƙamshin ƙasa ya cika wurin.

Baraniko ya ce, "Nei Tokarei, mace ba ta magana a nan."

"Na sani, Baba. Ba da ku nake ba, da kakana nake."

Ba wanda ya taɓa jin dokar da ta hana mace magana da kakanta, don haka aka ƙyale ta. Ta juya ta fuskanci gurbin gidansu, ta yi magana a hankali, da irin muryar da take yi wa shukarta.

"Kaka, an ce yatsanka ya zame. Na yi kwana tara ina tunani. Mutanen can ƙasarsu ba ta riƙe ruwa, kamar tamu. Ka san abin da taki yake a irin wannan ƙasa. Mu a nan muna ɓoye shi, muna share sawu, ƙawa tana yaudarar ƙawarta a kansa. Su kuwa sun tara shi a fili har ya yi tudu, har suka sa wa garinsu sunansa, matafiyi ya ji tun daga nesa ya san a nan ba a kwana da yunwa. Ni na yi shekara saba'in ina gina musu gidajen dutse, ashe abin da suke da shi ya fi haka. Yatsanka bai zame ba, Kaka. Mu ne ba mu kai sunan ba. Ka yi haƙuri da abin da zan yi."

Sai ta fara tsinto abubuwa daga cikin takin tana ɗagawa tana faɗin sunansu. Ganyen bishiyar uri, amma wanda ya faɗo da kansa, kuma daga itacen da ke fuskantar teku ta waje. Baƙar ƙasar gindinsa, yatsa uku ba ƙari. Ƙaramin furen nan rawaya da muke takawa a hanyar coci. Dutse mai kumfa da teku ke kawowa, a daka shi ya yi laushi. Ruɓaɓɓen cikin kututturen kwakwa. Ta faɗi wanda ake sawa a ƙasa da wanda ake sawa a sama, da watan da ake ƙari, da watan da ake ƙyale shuka ta huta. Ta faɗi komai, ba ta rage ko ɗaya ba. Na ga tsofaffi suna motsa leɓe suna bitar abin da ta faɗa kamar 'yan makaranta. Ni da na yi shekara arba'in ina farautar maganar nan, da ta zo mini a banza sai na ji kunya ta rufe ni, don na san abin da ta ƙona. An ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka take tsada, amma ita ba ta da tabbacin komai a ranar.

Da ta gama ta dubi Uriam ta ce, "Gadonka na raba, ɗan nan. Ka yafe." Shi kuwa hawaye yake yi a kan farar rigarsa.

Can sai Baraniko ya gyara murya, kowa ya zuba masa ido.

"Ki tambayar mini kakan naki," ya ce, "furen nan, ɗanye ake sa shi ko sai ya bushe?"

Zaure ya ɗauki dariya. Tokarei ba ta yi dariya ba, ta ce a inuwa ake shanya shi kwana biyu. Daga nan dattawa suka haɗa kai suka yi ƙus-ƙus, Baraniko ya miƙe ya ce ya janye maganarsa a kan Kautu, suna ya zauna, masu ɗinka tuta su ci gaba da aikinsu. Wasu gidaje biyu ma kunya ta sa suka faɗi nasu haɗin kafin a tashi. Tun daga makon aka ware fili a bayan maneaba inda kowa ke kawo ganye ana tarawa, mai buƙata ya ɗiba. Mutanen arewa suka ci gaba da toshe hanci na ɗan lokaci, daga baya aka fara ganinsu suna zuwa da kwanduna, wai wucewa suke yi.

Ban taɓa tambayarta ko ta ƙara hawa tsaunin nan ba, ita ma ba ta sake ba ni labarinsa ba. Takan yi shiru a rami kamar da, amma in na tambaya sai ta ce tana tunanin ko wane ganye mutanen can suke sawa a nasu takin.

Babai ba ya sauri. Sai bayan shekara shida, ranar buɗe sabon ginin coci, aka tono na farkon da aka ciyar da haɗinta. Kowane gida ya kawo nasa aka jera a gaban maneaba, yadda aka saba, don a ga na wa ya fi. A da ba a ma tambaya, tun daga nesa ake hango na Tokarei ya yi wa saura zarra, maza biyu ke ɗaukarsa a sanda. A ranar kuwa jerin ya miƙe tun daga wannan ginshiƙi har wancan, kowanne ya kai ƙugun mutum, ba ka ce ga babba ga ƙarami ba. Mutane suna ta murna suna yabon junansu, ba wanda ya waiwayi tsohuwar da ke tsaye a bakin layi.

A lokacin idonta ya yi rauni, tabarau ma ba ya taimako. Ta kama hannuna ta ce in kai ta wurin nata. Muka bi jerin a hankali, tana shafa kowanne, tana auna shi da hannu biyu. Muka wuce nata ba ta tsaya ba. Ƙarfinta ya ragu a shekarun nan, nata ya ɗan fi na kusa da shi ƙanƙanta. Can gaba ta tsaya a kan wani, ta zagaye shi da hannu, yatsunta ba su haɗu ba, fuskarta ta washe.

"Wannan ne nawa, ko?"

Nawa ne. Shi ne mafi girman abin da na taɓa tonowa a rayuwata, kuma tun asuba nake jiran wani ya tambayi mai shi.

Na ce, "Naki ne mana. Wa zai iya wannan in ba ke ba?"

Ta ɗan bubbuga shi, ta ce in kira maza biyu su shigar mata da shi ciki.